Baƙin Mai a Fiyanon Maman Praise

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Maman Praise a unguwar Fadikpe, nan Minna, kuma a jikin katangar nan fiyanonta yake jingine yau shekara goma sha shida. Ni Muttaka kafinta ne. Ban san kiɗa ba, ban kuma taɓa neman in sani ba. Amma duk wanda ya daɗe yana shan kokon safe da wannan sauti a ƙeyarsa, ko bai so ba sai ya gane ranar da matar ta tashi da daɗin rai da ranar da wani ya ɓata mata.

Ainihin sunanta Hannah. A wani ƙauye kusa da Tagwai aka haife ta, tun kafin a tare ruwan a yi dam, a gidan manoman doya. Ta sha ba ni labarin yadda ta fara sanin fiyanon nan. A cocinsu yake a lokacin, kuma ba a barin yara su taɓa shi. Sai aka ba ta wani ɗan aiki da kowa ya raina: idan rani ya shigo, ita ke cire murfin ƙasa ta zuba ruwa a kwanon da ake ajiyewa a ciki don kada katakon ya tsage, ta kuma duba ko ɓera ya yi sheƙa. Ta cikinsa ta fara saninsa kafin ta san fuskarsa. Idan ta ga babu kowa sai ta danna haƙori ɗaya, ta leƙa ta ga 'yar gudumar da ta tashi ta bugi waya. Haƙora nake kiran fararen abubuwan nan da baƙaƙen da ake dannawa, ita ma har ta gaji da gyara mini ta koma kiransu haka.

Da haka ta koya, da sata da naci, har ranar da mai kiɗan cocin ya kwanta zazzaɓi aka rasa mai zama a kujerarsa. Ta zauna, ba ta sake tashi ba sai bayan shekara talatin da wani abu. A tsakanin nan ta yi koyarwa a firamare har ta yi ritaya, ta auri Stephen Jiya ma'aikacin reluwe, suka haifi 'ya ɗaya, Praise, wadda yanzu take aure a Fatakwal.

Da cocin ya sayi kibod da manyan sifikoki, dattawa suka ce a tura tsohon fiyanon sito. Ita kuwa ta ce a ba ta. Mu takwas muka ɗora shi a kura muka turo shi har gida, ni na cire firam ɗin ƙofar falonta kafin ya shiga. Ranar na fara ganinsa da idon sana'a, kuma ba zan ɓoye ba, na ji kunyar kaina. Irin na tsaye ne, tsawonsa ya kai ƙirjina, ya lafe a jikin bango bai ci wurin da ya wuce na benci ba. Duk haɗin da ke jikinsa babu inda za ka zura ko reza. A bayansa akwai wani faffaɗan katako marar kauri, wanda idan aka buga haƙori ɗaya sai ka ji ya ɗauki rawa gaba ɗayansa. Ba ruwansa da NEPA, ba ruwansa da janareto. Samansa kuma ya zama kanta, nan hoton aurensu yake, da fulas, da rediyon Baba Stephen.

Baba Stephen mutum ne mai baki. Idan ya fara labarin jirgin ƙasan Baro, sai ka nemi wurin zama. Oga Ƙusa yake kirana, kullum yana ce mini kujerun da nake yi sun fi dacewa da baƙon da ba a son ya daɗe. Ni kuma ina ce masa jirginsu bai taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba. Haka muka zauna.

Shekara uku da suka wuce ya faɗi a bakin famfo. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Mutumin da ba ya barin kowa ya sa baki ya koma ba abin da yake iya cewa sai "to, to". Ruwa yake so, "to". Ciwo yake ji, "to". Idonsa na nan sarai, ka ga maganar ta taru a ciki ta rasa ƙofa. Wallahi sau da yawa na kan shiga gaishe shi in fito da sauri, don ba na iya jure kallon.

Wata huɗu ana haka. Rannan da hantsi ina goge wani teburi a tsakar gida, sai na ji kiɗan ya taso kamar kullum, sannan na ji muryar namiji ta bi shi. Na saki abin da ke hannuna. Matata Na'ima ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Muka ruga, muka tarar da Baba Stephen a kujerarsa gefen fiyanon, ya manna tafin hannunsa na hagu a jikin katakon, yana rera waƙar cocinsu tiryan-tiryan, babu kalmar da ta faɗi. Maman Praise tana kiɗa hawaye na zuba a kan haƙoran, ta kasa tsayawa don tsoron kada abin ya tsere. Da ta tsaya kuwa, ya dube mu ya ce, "To."

Wata macen da sai ta ce abin al'ajabi, ta kira mutane su zo kallo. Ita malamar makaranta ce, sai ta mayar da shi darasi. Ta ɗauki maganganun yau da kullum ta yi wa kowacce ɗan gajeren kiɗa nata. Ba ni ruwa. Zan zaga. Kaina na ciwo. Ina kwana. Ta buga, ta rera, ya bi ta, sau hamsin, sau ɗari, har ya zama da ta buga kiɗan tambaya sai ya amsa da kansa. Likitan da ke duba shi ya ce ta ci gaba, kada ta fasa ko na kwana ɗaya. Cikin shekara guda Baba Stephen ya mallaki magana wajen arba'in. Har da wadda ta koya masa don ni, duk na shigo sai ya rera, "Oga Ƙusa, kujera ta karye."

Praise ta aiko da kibod daga Fatakwal don a riƙa kai masa har gado. Aka sa batir, aka kunna. Ya ɗora hannu a kan robar, ya jira, bai ji komai ba, ya kawar da kai. An gwada ya fi a ƙirga. Shi dai sai katakon nan ya yi rawa a tafinsa sannan bakinsa ke buɗewa. Kibod ɗin yana ƙarƙashin gado har yau.

To, daminar bara ce gara ta shiga. Maman Praise ta kira ni ta nuna mini hanyar ƙasa da ta taso daga siminti ta hau ƙafar fiyanon ta baya.

"Malam Muttaka, ka gani? Abin nan zai cinye mini shi. Gobe zan kai Baba asibiti, ga makulli. Ka yi masa magani yadda ka sani."

Na ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki. Gara da ni mun daɗe da sanin juna."

Duk kafintan da ke garin nan ya san maganin gara, kuma ba wani abu ba ne illa baƙin mai, wanda bakanike ya juye daga inji. Da shi muke shafe katakon rufi, da shi muke shafe firam. A hannun mahaifina na gani, shi kuma a hannun kakana da ya zo Minna aikin shimfiɗa katakon layin dogo. Ban taɓa shafa shi gara ta dawo ba.

Na karɓo galan guda. Na janyo fiyanon, na kankare ƙasar, na shafe ƙafafu da gindin. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin bayarwa. Amma sai na ce aikin maƙwabciya ne, kuma abin da bakin Baba ya dogara da shi, bari in yi shi da kyau. Na buɗe murfin sama. Na ga wani katako mai kauri an jera masa ƙusoshin ƙarfe sama da ɗari biyu, kowace da wayarta naɗe, duk sun fara tsatsa. Na ce a raina, ga katako babu kariya, ga ƙarfe na tsatsa, tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Na samo ƙaramin buroshi na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina ɗiga mai a gindin kowace, ina jira ya tsotse in ƙara. Awa uku na yi a tsaye. Ko ɗaya ban tsallake ba, har ina yaba wa kaina.

Da ta dawo ta toshe hanci tana dariya, ta ce falonta ya koma gareji. Da yamma ta aiko mana da doya biyar.

Kwana goma ba a yi ba Na'ima ta ce mini, "Wai ni kiɗan Mama kwanan nan kamar mai mura." Ni ma na ji. Sautin ya riƙa lanƙwashewa yana zubewa ƙasa. Abin da na saba ji garau ya koma kamar ana buga tsohon kwano.

Akwai wani dattijo a Kaduna, Julius, shi ke zuwa sau ɗaya a shekara ya yi wa fiyanon saiti. Ta kira shi ya zo ba lokacinsa ba. Ina tsaye ya ɗaga murfin. Ya dangwala yatsa, ya sansana, sai ya ja kujera ya zauna.

"Madam, wa ya yi wannan aiki?"

Na ce, "Ni ne. Saboda gara."

Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya ce in matso. Ya ɗora wata sifana mai dogon hannu a kan ƙusa ɗaya, ya juya har sautin ya hau daidai, ya saki. A gaban idona ƙusar ta juya da kanta ta koma, sautin ya bi ta.

"Ka gani, Oga? Ƙusoshin nan ba su da zare, ba su da noti. Busasshen katako ne kawai ya cije su. Kowace waya tana ja da nauyin ƙato guda, dare da rana. Cizon nan shi ne ran fiyano. Kai kuma ka ba shi mai ya sha."

Maman Praise ta ce, "To a wanke mana."

"Ya shige ciki, Madam. Ba ya fita."

"A canja katakon. Ga kafinta nan."

"Sai an kwance komai, har ƙarfen ciki. Ni ban iya ba, kuma ban san wanda ya iya ba a ƙasar nan."

Ta riƙe hannun rigarsa. Matar da ban taɓa ganin ta roƙi kowa ko gishiri ba, ta ce, "Julius, ba kiɗa nake roƙo ba. Bakin mijina ne a ciki."

Gyaran gangar Auzinawa da ake faɗa, ni na yi shi, da buroshi, da natsuwa, har da karɓar doya.

Abin da ya biyo baya ba na son tunawa, amma shi ne labarin. Idan ta buga kiɗan da Baba ya sani, sautin da ke fitowa ba shi ba ne. Sai ya buɗe baki ya tsaya, ya dube ta, ya dubi katakon, kamar wanda ya dawo unguwarsu ya tarar an rushe gidajen. Wani lokaci ya doki fiyanon da hannunsa mai lafiya har hoton aurensu ya faɗo. Maganganun nan arba'in suka fara zubewa. Akwai lokacin da ya yi kwana uku ba ya cin abinci, yana ta gumi yana "to, to", ta duba shi daga kai har ƙafa ba ta ga komai ba. A rana ta huɗu kumatunsa ya kumbura, ashe haƙori ne ya ruɓe. Da wata biyu baya ne, da numfashi ɗaya zai gaya mata.

Ta shiga neman wani fiyanon. Babu cocin da ba ta leƙa ba a Minna, babu tsohuwar makarantar da ba ta je ba. Ta sami ɗaya a Bosso, ɓeraye sun cinye gudumomin. Ta sami wani an cire cikinsa ana jera littattafai. Ta je Bida, ta je Suleja, a motar haya, da ciwon gwiwarta, ta bar Baba a hannun Na'ima. Waɗanda ake sayarwa a Abuja kuwa ko tambaya ba ta sake yi ba bayan ta ji farashin na farko.

Ni ma ban zauna ba. Na cire ƙusa na goge ramin da auduga da fetur. Na zuba toka, na zuba garin alli. Na naɗa sanfefa na mayar. Na sayo gam mai kama ƙarfe a Kasuwar Kure na ɗiga. Kowanne sai ya riƙe kwana ɗaya ko biyu, in fara murna, sannan man ya sake tsattsafowa daga ciki kamar yana yi mini gwalo. Na daina karɓar aikin rufi, don ko warin baƙin mai ba na son ji.

Kafin Julius ya koma ya yi mana abin da zai iya. Ya zaɓi haƙora takwas na tsakiya waɗanda ƙusoshinsu suka fi dama. Kowane haƙori waya uku yake bugawa, sai ya yanka tsohon silifas ya toshe bibbiyu, ya bar ɗaya ɗaya. Sautin ya sirance, amma ana jin sa a katako. Sannan ya miƙo mini sifanarsa ya ce in riƙe, shi yana da wata.

Haka muka koma. Kullum ƙarfe bakwai na safe ina falonta. Ni ba ni da kunne, ita ba ta da ƙarfin wuyan hannu. Sai ta riƙa danna haƙori tana cewa, "Ƙara. Ƙara kaɗan. Ya wuce, koma. Tsaya nan!" Mu bi takwas ɗin, in ja da baya da sauri, ta juyo da kujerar Baba ta manna masa hannu. Da farko saitin yana kai rabin awa kafin ya zube. A cikin rabin awar nan ne mutumin zai faɗi duk abin da zai faɗa na ranar. Ta kan rubuta tambayoyinta a takarda tun kafin in zo, mafi muhimmanci a sama, don kada a ɓata ko minti ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai, ko sau ɗaya matar nan ba ta ce mini kai ka jawo ba. Kullum sai ta tambayi Na'ima da yara, kullum sai ta ce sannu da ƙoƙari. Rannan na kasa daurewa, na ajiye sifanar na ce, "Mama, don girman Allah ki zage ni mana. Ki kai ni ƙara wurin mai unguwa. Ki yi wani abu!"

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "In na zage ka zai riƙe? Ɗauki abin nan ka juya, lokaci yana tafiya."

Rani ya shigo, katako ya ƙara sakewa. Rabin awa ya koma minti goma sha biyar, ya koma biyar. Haƙora takwas suka koma shida, don wayoyi biyu sun tsinke garin yawan ja. Ta sake tsara kiɗe-kiɗen su shiga cikin shidan, Baba ya rikice, ta sake koya masa daga farko. Suka koma huɗu. Takardar tambayoyinta ta koma layi biyu: ina ke ciwo, me kake so.

Cikin zafin bazarar nan da muke ciki, wata Talata, na shiga na tarar saura uku, kuma ƙusar na tsakiyar ba ta tsayawa ko na ƙiftawar ido. Na ce mata ta buga kawai, ni zan riƙe. Na ɗora sifanar na danne da duk nauyina, ƙusar tana ja ina ja. Sai a lokacin, da nake tsaye a kanta, na lura da yadda wuyanta ya zama. Rigar da na san ta cika ta tana lilo a kafaɗa. Ni da nake zuwa kullum ban gani ba, hankalina na kan ƙusa.

Ta buga tambayar farko. "Baba, ina ke ciwo?"

Hannunsa na jikin katakon, idonsa na kanta.

Ta sake bugawa. "Stephen, don Allah. Ina ke ciwo? Malam ba zai iya riƙewa da yawa ba."

Gumi ya cika mini ido. Ta buga na uku. Sai bakinsa ya motsa, ya bi sautin nan guda uku a hankali, da wata magana da ba ta cikin arba'in ɗin, wadda ba wanda ya taɓa koya masa.

"Hannah. Ci abinci."

Ta tsaya da yatsunta a sama. Ta ce, "Me ka ce?" Ta sake dannawa da ƙarfi don ya maimaita, wayar ta yi ƙara ta tsinke, ta tsaga mini bayan hannu.

Can ta miƙe ta shiga kicin, ta fito da ɗumamen tuwo a kwano. Ta ja kujera ta zauna a gabansa, tana ci tana kuka, tana tura loma da ruwa. Shi kuma bai ɗauke ido ba sai da ta suɗe kwanon. Ni ina tsaye da sifana a kan ƙusar da ba ta riƙe da komai, jini na ɗiga a silifas ɗina, na rasa ko in fita ko in zauna.

Yau kwana goma sha tara ke nan bai sake cewa komai ba. Haƙora biyu ba sa yin kiɗa, ni na sani, ita ma ta fi ni sani. Jiya da ta rako ni bakin ƙofa na tattara ƙarfin halina zan gaya mata mu haƙura. Kafin in buɗe baki ta ce akwai wata ƙusa can ƙasa ta hagu da ba mu taɓa gwadawa ba, in zo da wuri gobe. Na ce mata to.